Mijina Yana Azumin Da Ban Yarda Da Shi Ba

Admin: Wannan saƙo daga wata 'yar uwa ne a Maiduguri, ta nemi a sakaya sunanta. A taimaka mata da shawara, ban da zagi da baƙar magana.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyayena da yayyena da ƙannena, da fatan kowa ya wuni lafiya. Admin Allah Ya saka da alheri, don girman Allah a ɓoye sunana, akwai matan unguwarmu a cikin nan kuma na san tsawon harshensu. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni yau, domin maganar tawa ba mai jiran sati ba ce. Za ta yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, in ba ku ji tushenta ba za ku ce ni ce mai neman fitina.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna haya a wata unguwa da ke bayan Baga Road, ni da mijina da yaran da mahaifiyarsa. Mijin nawa zan kira shi Malam, don haka nake kiransa a gida, surukata kuma Inna. Mu ba 'yan cikin gari ba ne, mutanen bakin tafki ne can wajen Baga, masunta gaba da baya, ubana masunci uban mijina masunci, ni kaina na iya gyaran kifi kafin in iya ɗaura zani. Rikici ne ya koro mu kamar yadda ya koro kowa, muka yi shekaru a sansani, da aka rufe sansanin muka kama waɗannan ɗakuna biyu. Abin da yake riƙe da gidan shi ne katin tallafi da ake sa mana wani abu a ciki duk wata, sai ɗan abin da nake samowa a kasuwar kifi, inda nake yi wa wani Alhaji tsintar banda, in ware manya da ƙanana da wanda ya farfashe kafin a zuba a kwali. Ba ya isa, amma ba mu taɓa wuni ba mu ɗora tukunya ba, alhamdu lillahi.

Malam yana da ƙane, su biyu ne kaɗai maza a wajen Inna. Muna sansani zaman ya ishi ƙanen nan, ya ji ana cewa ruwa ya cika da kifi tunda ba mai kamawa, ya bi wasu abokansa suka koma a ɓoye. Har yau ba shi ba labarinsa, ba gawa ba kabari, ko takalminsa ba wanda ya kawo mana. Wasu sun ce mutanen daji ne suka tare su, wasu sun ce jirginsu ne ya kife, Allah ne masani. Tun daga nan Inna ta kamu da hawan jini. Ranar da aka haƙura aka yi masa addu'a, ta kira Malam a gabana ta riƙe hannunsa, ta ce ya rantse mata da Allah ba zai sake sa ƙafarsa a tafkin nan ba muddin tana numfashi. Ya rantse, da kunnena na ji, yana kuka tana kuka. Ku riƙe wannan rantsuwar, domin a kanta duk maganar tawa take.

Malam ya riƙe alkawari, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba, sai dai alkawarin ne ya riƙa cin sa a tsaye. Ya gwada dako a kasuwar kifi, bai daɗe ba ya daina, ya ce ba nauyin kwali ne ya dame shi ba, mutanen da a da suke tsayuwa a bakin ruwa suna jiran jirginsa suna roƙon ya sayar musu, su ne yanzu suke ƙwala masa kira "kai mai dako". Ya gwada gadi, ya gwada tura kurar ruwa, ba wanda ya ɗore. Daga ƙarshe ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, shi da rediyo, sallah ce kawai take tayar da shi. Mutumin da a da in ya yi dariya sai an ji a ƙarshen unguwa, ya koma in ka yi masa magana uku ya amsa ɗaya. Yara suka riƙa raɓewa in za su wuce shi. Ranar karɓar tallafi kuwa ko abinci ba ya ci sosai, wai ƙato da shi yana bin layi da tsofaffi. Na yi kuka a ɓoye a kan wannan fiye da yadda na yi kukan gidanmu da muka baro.

To ana nan sai Bulama, mai unguwarmu, ya tara magidanta ya ce an zo da sabon tsari. Gwamnati ta ce tallafin nan ba zai dawwama ba, duk mai ƙarfi a jika da yake karɓa dole ya shiga tirenin na koyon sana'a, in ya gama a ba shi kayan aiki a haɗa shi da inda zai yi aikin, daga nan a janye katin a hankali. Wanda ya ƙi shiga, ko ya gama aka ba shi aiki ya ƙi zuwa, to ya nuna ba ya bukata, za a rufe katinsa a ba wani. Katin gidanmu da sunan Malam yake, mu bakwai muke ci a ciki. Mutane suka yi ta murna ana Allah Ya sa albarka. Ni kuwa tun a ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Ni mutum ce mai zargi, na sani, Malam yakan ce ko ruwan zamzam aka miƙo mini sai na shinshina. Amma wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma mu an sha yi mana daɗin baki mu wayi gari mu ga ba haka ba.

Ranar tantancewa na ce masa ya zaɓi gyaran sola ko kanikancin keke, abin da zai yi a nan cikin gari ina ganinsa yana ganina. Ya ce to. Da ya dawo sai ya ce kiwon kifi aka ba shi. Na ce kai ka zaɓa? Ya ce ba a ma tambaye shi abin da yake so ba, tambaya ɗaya aka yi masa, ina ne garinku na asali, da ya faɗa aka ce ya tsaya a wancan layin. Da ya duba layin duk mutanenmu ne na bakin ruwa. Yaran cikin gari su aka ba sola da ɗinki da walda da gyaran waya. Na ce masa Malam, da walakin goro a miya, me ya sa ba a tambayi ɗan unguwar Shehuri da ke cikin gari garin kakansa ba sai kai? Ya ce na fiye ƙorafi, ai hankali ne, wanda ya san kifi shi za a ba kifi, kuma wannan a tankin siminti ake kiwonsa a nan bayan gari, ruwan bai kai ƙugu ba, ko akuya ba za ta nutse a ciki ba. Inna ma ta tambaye shi da kanta, "A nan kusa da mu dai ko?" Ya ce a nan ne Inna, ta sa masa albarka.

Zan faɗi gaskiya ko da ni za ta kayar, tirenin ɗin nan ya dawo mini da mijina. Tun satin farko ya naɗe tabarmar nan ya jingine. Yana fita da sassafe da wankakkiyar riga, ya dawo yana ƙarnin tarwaɗa yana surutu, wai ashe kifin tanki shi ma da iliminsa, sai an auna masa abinci, sai an canja masa ruwa, sai an raba manya da ƙanana don kada su cinye juna, yana ba yara labari suna ƙyalƙyala dariya. Wata rana na ji shi yana wanka yana rera waƙar da masunta suke yi in suna jan taru, wadda rabon da in ji ta a bakinsa tun muna gida. Na tsaya da tsintsiya a hannu hawaye yana zubo mini. Ya dawo da tsokanata kamar da, ya fara cin tuwo yana neman ƙari. Har na fara jin kunyar zargin da na yi, na ce a raina ke dai Allah Ya shirye ki, an yi abin arziki kin tsaya laluben aibu. Da a nan abin ya tsaya da ba ku ji ni ba.

Da tirenin ya zo ƙarshe-ƙarshe sai abubuwa suka fara ɓullowa. Malam da kansa bakinsa ya suɓuce wata rana, ya ce an zo an ware wasu daga cikinsu ana tambayar wa ya iya tuƙa jirgi mai inji, wa ya san hanyoyin cikin ruwa. Na ce jirgi a cikin tankin siminti? Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce tambaya ce kawai, ya canja magana. Ba a jima ba na je bayan ɗaki ɗauko itace na tarar da shi a tsugune, ya ba ƙofar Inna baya, yana ɗaura ƙugiyoyi a jikin doguwar igiya, irin wadda ake shimfiɗawa a tafki a bar ta ta kwana. 'Yan uwa ni 'yar masunci ce, kifin tanki ba a sa masa ƙugiya, ruwan ake zubarwa a kwashe shi da raga kamar ana tsame ƙosai. Da ya gan ni ya yi wuf ya tura su cikin buhu, ya ce wani abokinsa ne ya ba shi aikin ɗauri, zai kai Kasuwar Kwastam ya sayar. Na ce to Allah Ya kawo kasuwa. Amma na ga ɗaurin, irin nasa ne na kansa, wanda yake ninka igiya a wuyan kowace ƙugiya, aiki mai cin lokaci, ba ya yi wa kayan sayarwa wannan wahalar.

Ana cikin haka maƙwabciyata, in kira ta Yagana, mijinta ajinsu ɗaya da Malam, ta shigo aron turmi. Na ce me za a daka, ta ce yaji, maigidan ya ce ta daka masa mai yawa, ta soya ƙuli, ta nemo garin kwaki da ganyen shayi ta ƙulle a leda. Ita ko a jikinta, wai ƙila a wurin aikin ba a sayar da abinci. Yagana 'yar tudu ce, aure ne ya kai ta bakin ruwa daf da rikicin, ba ta san abin da take haɗawa ba. Ni kuwa wannan ƙunshin na sha haɗa wa babana na sha haɗa wa Malam, guzurin wanda zai shiga ruwa ne ya daɗe bai fito ba. Na ɗauko turmin na miƙa mata.

Sai kuma Alhajin da nake yi wa tsinta. Mutumin nan shekara da shekaru ban da "ke, yi sauri" ba abin da yake haɗa mu, rannan sai ga shi a kaina yana washe baki, har da gaisuwar Barebari, "Wushe, wushe, matar Malam! Kin kusa hutawa da tsintar kifin mutane, naku ne zai riƙa zuwa kwali-kwali." Har da sa a ƙara mini farfasasshen kifi in kai wa yara. A ina ya san mijina, a ina ya san ni matarsa ce? Ruwa ba ya tsami banza, na bincika wajen masu lodi, ashe yana cikin 'yan kasuwar da aka ce za su ɗauki waɗanda suka gama tirenin aiki. Kuma kowa a kasuwar nan ya sani Alhaji ba shi da tanki ko ɗaya, jirage gare shi a ajiye can bakin ruwa ba masu shiga da su.

Ban tsaya a nan ba, na saci jiki na je wurin da ake tirenin ɗin, na samu jami'ar da take kula da ajinsu, mace mai fara'a. Na ce Hajiya ni matar wane ce, ina so in san inda za a tura su. Ta ba ni kujera ta ba ni ruwa, ta ce sai ranar Asabar da za a yaye su a raba kaya, a ranar kowa zai ji fostin ɗinsa, wato inda aka tura shi, ita ba ta da hurumin faɗa. Na ce to faɗa mini abu ɗaya, cikin gari ne ko waje? Ta ce, "Haba 'yar uwa, kwantar da hankalinki, ba wanda za a kai inda zai halaka. Wurare da yawa an samu lafiya yanzu, mutane suna komawa. Shi aiki ai duk inda kifi yake nan yake." Na ce in aka tura mutum inda ba ya so fa? Ta ce ba a tilasta wa kowa, sai dai tsarin ya ce wanda ya ƙi aiki ya fita daga tallafi. Ku ji fa, ba tilas, amma in ka ƙi a kife maka tukunya. A gefen teburinta kuma na hango kwali a buɗe, cike da rigunan nan masu ruwan goro da ake sawa don kada a nutse. Ban ce don su Malam aka kawo su ba, ban sani ba, amma da idona na gani.

Da na dawo na tare Malam bayan la'asar, Inna ta tafi barka. Na zayyana masa duk abin da na gani, na ce kifi na ganinka mai jar koma, tafki za ka tafi. Faɗa ya kaure irin wanda ba mu taɓa yi ba. Ya ce na je na zubar masa da mutunci a gaban jami'ai, mace tana bin sawun mijinta kamar ɓarawo, ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ya ce so nake ya koma gindin darbejiya ya ruɓe, in riƙa ciyar da shi da ɓurɓushin kifin wasu. Ya ce ɗansa na fari ya kai shekarun da shi ya fara tuƙa jirgi, amma abin da yaron ya sani game da ubansa shi ne layin tallafi. Wannan maganar ta soke ni don gaskiya ce. Na ce duk na ji, abu ɗaya nake so, ka ce wallahi ba tafki za a kai ka ba. Malam mutum ne mai saurin rantsuwa, ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya ce wallahi. Ranar nan ya dube ni, ya ce shi ba yaro ba ne da za a riƙa sa shi rantse-rantse, ya saka takalmi ya tafi masallaci alhali ko kira ba a yi ba.

Shekaranjiya Talata sai ya tashe ni ya ce in ɗumama masa tuwo zai yi sahur. Na ce azumi ranar Talata? Ya ce nafila. Na shiga lissafi, ba Litinin ba ba Alhamis ba, wata bai kai rabi ba balle a ce azumin tsakiyar wata ne, ba a cikin Shawwal muke ba, ramuwa kuma ba a bin sa ko ɗaya, ni nake dafa masa sahur duk Ramadan na sani. Kuma Malam, Allah Ya yafe mini, ba mutumin nafilar azumi ba ne, shi da ko a na farilla in la'asar ta yi sai kowa ya yi nesa da shi. Jiya Laraba ya sake tashi da shi. A nan na tuna satin da ya wuce ya je Shehuri wajen wani malaminsa, ya daɗe sosai, ya dawo ya ce gaisuwa ce kawai ya kai.

Jiya da hantsi na je wajen malamarmu ta Islamiyya, ban faɗa mata ko wane ne ba, na ce Malama wane irin azumi ne mutum zai ɗauka haka kawai a tsakiyar sati yana jerawa? Ta ce ko ramuwa, ko bakance, ko kuma kaffarar rantsuwa, wanda ya rantse da Allah a kan abu ya karya, sai ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Na ce ai wannan sai bayan an karya ko? Ta ce akwai malaman da suka ce ya halatta mutum ya gabatar da kaffarar tun kafin ya karya, in ya riga ya yi niyya. Wallahi 'yan uwa ban san yadda na dawo gida ba. Duk abin da ya wuce zan iya cewa zargina ne, ƙugiya ta aboki ce, riguna na wasu ne, Alhaji ya tashi da fara'a ne kawai. Amma wannan fa? Mutum ba shi da abin ciyar da miskinai goma, shi ne miskinin, sai ya biya da cikinsa. Rantsuwa ɗaya na sani a wuyan Malam, ita ce wadda ya yi wa Inna. Yau Alhamis ya tashi da na uku, jibi Asabar za a yaye su.

Yanzu ga inda na tsaya. In na faɗa wa Inna na san ba zai tafi ba, Malam zai iya yi wa rantsuwa kaffara amma ba zai iya tsallake uwarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana kuka ba, shi ya sa ma yake ɓoyewa, ina jin so yake sai ya isa can ya bugo waya. Amma jinin Inna ba ya son tashin hankali, likita ya ja mana kunne, ina tsoron in buɗe baki ta faɗi in zama ni ce sanadi. In kuma ta hana shi an rufe kati, mu bakwai mun koma kan tsintar kifina, shi kuma ya koma tabarma, wannan karon da sanin matarsa ce ta mayar da shi. Ban san ko zai yafe mini ba, ban ma san ko ni zan iya sake kallonsa a gindin bishiyar nan ba. In kuma na yi shiru ya tafi fa? Na sani akwai waɗanda suka koma suna kamun kifinsu lafiya suna aiko wa iyali, an ce da rakiyar jami'an tsaro ake shiga yanzu. Ƙaninsa ma da zai tafi lafiya lau aka ce masa. Kuma ranar da Inna za ta gane, tambayar farko da za ta yi mini ita ce ko na sani, ni kuwa ba zan iya yi wa matar nan ƙarya ba, tun ranar da muka baro gida da ƙafa take riƙe da ni kamar ita ta haife ni. Akwai kuma wata zuciyar da take ce mini, in fa duk zarginki ne? In Asabar ta zo aka ce tankin bayan gari ne, kin tayar wa tsohuwa da ciwo a banza, kin ɓata tsakanin ɗa da uwa, da wane ido za ki kalle su?

Don Allah duk wanda nasa ya taɓa gama irin wannan tirenin ya faɗa mini gaskiya, ina aka kai shi, kuma ana iya neman a canja wa mutum wuri ba tare da an rufe masa kati ba? Malaman cikinmu, ita kaffarar nan in ta wanke rantsuwa, tana wanke haƙƙin uwa da aka yi wa alkawari? Mata 'yan uwana kuma kada ku ce mini in yi haƙuri in yi addu'a kawai, ina yi, na gaji da jin wannan, abin da zan aikata nake tambaya.

Ina rubuta wannan ne a tsakar gida bayan la'asar, waya a cinyata. Inna tana gabana a bakin murhu, ta hana ni taɓa komai, ta ce kunun buɗa-bakin ɗanta ita za ta dama da hannunta, tun shekaranjiya haka take yi. Murna take, tana faɗa wa maƙwabta tsarin gwamnati ya shiryar mata da ɗa, ga sana'a ga ibada. Ta ƙulle masa dabino a bakin zaninta tana jiran ya shigo. Yanzun nan ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "'Yar nan, taya ni roƙo mana, Allah Ya karɓa masa azumin nan." Na buɗe baki in ce amin, ta ƙi fita.

Ku faɗa mini don Allah, in ce amin, ko in faɗa mata abin da take roƙo? Rana ta kusa faɗuwa.